Baftismar Kaka Tabita a Kwamin Yara

Ranar Lahadi bayan sujada ina tsaye a bakin coci ina jiran mai gidana, sai na ji matasanmu suna hirar sabon otal da ake ginawa a hanyar Kagoro. Wai za a ɗauki mai kula da kwamin iyo, wanda ku kuke ce wa ful. Ɗaya ya ce, "Wannan ma aiki ne? Ka watsa kulorin da safe, ka nemi inuwa, ka zauna da wayarka." Suka kwashe da dariya. Bakin coci ba wurin dogon bayani ba ne, amma maganar ta biyo ni har gida. Na yi wannan aikin shekaru masu yawa kafin gwiwoyina su zaunar da ni. To, 'ya'yana, ku saurara. Duk wanda aka miƙa wa sandar raga a bakin kwami, idanun mutane aka ba shi ajiya.

Ni ban shiga aikin da niyya ba. Wanki da guga nake yi a wani ƙaramin otal a gindin dutsen Kagoro, in an tashi in koma gida in ɗora tukunya. Mai kula da ruwan wani dattijo ne, Baba Bulus, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana lura da tankunan ruwa a tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan. Ya san ruwa kamar yadda uwa ta san kukan ɗanta, sai dai idonsa ya fara gajiya, ba ya rarrabe launi sosai. Kullum da safe ina shanya zanen gado sai in ji muryarsa: "Maman Rahila, zo ki ara mini ido." In je in tarar da shi riƙe da 'yar kwalbar gwaji mai baki biyu. Ya ɗebo ruwa, ya ɗiga magani a kowane baki, ya girgiza, ya ɗaga wajen haske. Gefe ɗaya ya zama rawaya, wannan shi ke nuna ƙarfin kulorin. Ɗaya gefen ya zama ja, shi kuma yana nuna ko ruwan ya yi tsami ko ya yi kanwa. Ni aikina in ce masa rawayar ta kwaiduwar ƙwai ce ko ta ruwan lemo da aka sirka. Daga aron ido na koma riƙon sanda, ban ma san ranar da na bar dutsen guga ba.

Kwami biyu ne a wurin. Akwai babba mai zurfi, akwai kuma na yara wanda ruwansa bai wuce cinyar babban mutum ba. A na yaran Baba ya fara koya mini. A tsakiyar ƙasansa akwai wani tayil mai tsaga siririya kamar zaren ɗinki. Mai otal ya sha cewa a canza shi, Baba ya goge bakin tsagar ta yi santsi, ya hana a taɓa. Ya tsayar da ni a baki ya ce, "Kin ga tsagar can?" Na ce na gani. Ya ce, "Ranar da kika tsaya a nan ba ki gan ta ba, ko ɗan gwamna ne kada ki bari ya sa ƙafa. Ranar da kika gan ta kuma kada ki yarda, ki ɗauko kwalba ki gwada. Ruwa yana iya yin kyau a ido ya kuma ci ido."

Kayan aikin ba su da yawa, amma kowanne da halinsa. Raga mai doguwar sanda ta kwashe ganye da ƙwari, kuma a gindin dutse ganye ba ya ƙarewa. Buroshi na goge bango, musamman layin da ruwa ke tsayawa, inda maiƙo ke taruwa ya yi baƙi. Tiyo mai tsotsar dattin ƙasa, wanda in ka ja shi da sauri sai ka tayar da abin da ka zo kwashewa. Injin da ke juya ruwa ta cikin tukunyar yashi, ita ma sai an wanke ta in ta toshe. Sai garin kulorin, da soda, da alam na kwantar da laka bayan ruwan sama. Baba bai taɓa bari in buɗe bokitin kulorin iska tana fuskantata ba, kuma bai yarda a ajiye shi kusa da wani magani ba. Garin ake zubawa cikin ruwa, ba a zuba ruwa cikin gari. Wannan ya maimaita mini har na fara jinsa cikin barci.

Masu zuwa iyo kuwa, a nan aikin yake. Akwai wani Alhaji mai sayen citta a kasuwar Kafanchan da ke kawo 'ya'yansa duk Asabar, mutumin kirki, kullum da rake ko gyaɗa a leda. Wata rana ya tsaya a baki ya shaƙi iska ya ce, "Madam, yau ban ji warin magani ba. Anya ba ku yi rowa ba?" Na ce, "Alhaji, ranar da ka ji warin nan ya cika hanci, ranar ka mayar da yaranka mota." Na yi masa bayani kamar yadda aka yi mini. Kulorin shi kaɗai cikin ruwa mai tsabta ba ya wari sosai. Sai ya haɗu da gumi, da fitsarin yara, da man shafawa, sannan ya rikiɗe ya zama abin nan mai hawa hanci, mai sa ido ya yi ja yana raɗaɗi. Ya ce, "Ashe warin ma ba na tsabta ba ne, na ƙazantarmu ne." Daga ranar shi da kansa yake kora yaran banɗaki kafin su shiga.

Man shafawa shi ne babban yaƙina da iyaye mata, kuma na fahimce su, don ni ma uwa ce. A wajenmu ba a fitar da yaro daga gida da fata fururu. Sai an mulke shi da basilin ko man kaɗanya har yana sheƙi, in ba haka ba maƙwabta su ce ba shi da mai kula da shi. To a kawo mini yara goma suna ƙyalli, in ce kowa ya je ya ɗauraye jiki kafin ya shiga. Wata ta taɓa ce mini, "Ke kina nufin ɗana yana da datti?" Na ce, "Haba 'yar'uwa, tsabtarsa ce ma ta yi yawa." In yaro ya fito da jan ido kuma, nan take sai ka ga magunguna sun fito. Wannan za ta matsa masa nono, waccan ta ce a jiƙa sukari, wata ta ce ruwan albasa. Ina riƙe hannunsu a hankali, in kawo ruwa mai tsabta a buta mu wanke idon, in ce in bai sauka ba zuwa gobe, ko ya fara kwantsa, a tafi asibiti, kada a ɗiga komai.

Shekarar wahala ta zo bayan Baba Bulus ya koma ƙauye. Taransifomar unguwa ta ƙone aka bar mu cikin duhu wata da watanni, man janareta kuma ya gagara, sai a tayar mini da inji na ɗan lokaci a kashe. Ana cikin haka ciwon ido na Apolo ya shigo gari. Ciwon nan hannu da tawul da cuɗanya ne suka fi yaɗa shi, har waɗanda ba su taɓa ganin kwami ba sun kamu, amma magana ta zaga cewa daga ruwanmu ya fito. Na riƙa tafasa tawul a tukunyar girki, ina mayar da duk mai jan ido daga ƙofa ina ba shi haƙuri. Duk da haka mutane suka ɗauke ƙafa. Na zubar da ruwan kwamin yara na bar shi a bushe, na tattara ɗan ƙarfin da ya rage a kan babban, don kada ya zama kore.

Cikin bazarar shekarar, ana saura kwanaki kaɗan Ista, Faston cocinmu ya zo wurin mai otal. Rafin da muke baftisma ya janye, sai 'yan kududdufai da shanu ke sha ana kuma wanke babura a ciki. Ban da haka, a lokacin saboda rashin tsaro ba a son kai taron mata da tsofaffi nesa cikin daji. Ya roƙi a ara wa ikilisiya kwami ranar Ista, mai otal ya yarda.

Cikin masu karɓar baftisma akwai Kaka Tabita, surukar Mama Saratu shugabar zumuntar mata. Tsohuwa ce ƙwarai. Idonta na hagu ya mutu tun tana budurwa, ya yi ja ne aka ɗiga mata wani ganye. Na dama kuma yanar ido ta rufe shi shekaru, sai a farkon shekarar nan aka yi mata aiki a asibiti ta sake gani. Ta daɗe da ba da gaskiya, amma ta ƙi baftisma tana makauniya. Ta ce ba za ta shiga ruwan Ubangiji tana lalube ba, tana so ta ga wanda ya riƙe ta. Likita ya ce kwanakin kiyaye ruwa sun cika, amma a raba idon da ruwa mai datti. Bayan Ista kuma ɗanta zai mayar da ita ƙauyensu bayan Manchok, inda fasto sai jefi-jefi yake leƙawa.

Ranar Alhamis Mama Saratu ta kawo ta ta ga wurin. Kaka ta tsaya da sandarta ta daɗe tana kallon ruwan, sannan ta juyo da idon nan guda ta ce, "'Yata, an ce ruwan nan yana cin ido."

Na ce, "Kaka, wanda nake kula da shi ba ya ci."

Ta ce, "Guda ɗaya gare ni, shi ma sabo ne. Ista mai zuwa kuma ban yi alkawari da ita ba."

Na ce ta kwantar da hankalinta. A ranar ruwan yana da kyau, murfin magudanar ƙasa ana ganinsa tar daga baki.

Ranar Asabar na gwada ruwan da safe, na tafi jana'izar wata 'yar'uwa a Manchok, ban dawo ba sai yamma liƙis, na wuce gida. Da sassafen Ista na iso otal, tun daga ƙofa hancina ya gaya mini akwai magana. Kumfa ta taru a kusurwoyin kwamin kamar an yi wankin biki. A saman ruwan maiƙo yana yawo yana canza launi cikin rana. Ruwan ya yi fari-fari kamar ruwan kamu, murfin ƙasa ko alamarsa babu. Na gwada. Gefen rawaya bai ko motsa ba, kulorin ya ƙare ƙaf. Gefen ja kuwa ya rine har ya wuce abin da kwalbar ke iya nunawa.

Mai gadi ya ba ni labari. Jiya da rana zumuntar mata sun zo da tsintsiya da bokitai, kamar yadda suke wanke coci duk jajiberen Ista. Suka ce wurin da za a yi baftisma ya zama ɗakin Ubangiji, ba za a bar shi haka ba. Suka wanke matakala da gefe da gefe da omo, da maganin ƙamshin nan na banɗaki, suka kora komai cikin ruwa don a nan gangaren yake. Da suka gama suka kewaye kwamin suka yi addu'a, Mama Saratu ta juye kwalbar man zaitun a ciki don a keɓe shi.

Ina tsaye sai ga ta ta shigo cikin anko, ta kawo fararen zannuwa. Ta ce, "Maman Rahila, kin ga aikinmu? Har yanzu ƙamshi yake."

Na ce, "Mama, Allah ya ga zuciyarku. Amma ruwan nan yau ba mai shiga."

Ta ɗauka wasa nake. Na kama hannunta na kai ta baki, na nuna mata maiƙon, na ce ta nemo mini ƙasan kwamin da idonta. Ta duba, ta duba. Na ce, "Mai ido biyu ma zai fito yana hawaye. Kaka fa?"

Sai ta zauna a kan matakala da ankonta, ta ɗora hannu a ka. "Wayyo Yesu. Ni da hannuna? Uwar mijina?" Can ta ɗago ta ce, "To ki zuba maganin naki da yawa mana, duka bokitin, ya cinye sabulun."

Na ce in na yi haka sai ya fi yanzu cin ido, kuma ba wuta da za ta juya ruwan, ko akwai ma kwana zai ɗauka. An fara buga ƙararrawar coci. Idona ya sauka a kan kwamin yara, a bushe, sai ganyen mangwaro a ciki. Matan ba su taɓa shi ba don sun ga ba ruwa.

Na ce, "Mama, in mutum ya durƙusa a can, Fasto zai iya nutsar da shi. Ruwa ne babu. Rijiyar otal kuma sai da wuta."

Ta ce, "Rijiyar tuƙa-tuƙa ta firamare fa?"

Na ce, "Da nisa, kuma kwamin ba ƙaramin ciki gare shi ba."

Ta miƙe ta gyara ɗankwali. "Mu muka ɓata, mu za mu ɗauko. Kai ne ba mu da shi ko roba?"

An gaya mini lokacin sanarwa ta tashi a gaban ikilisiya ta faɗi abin da ya faru ba ta rage komai ba. Ni dai abin da na gani, ina cikin share kwamin ina goge shi da ruwa zalla, sai na jiyo waƙa daga hanyar firamare. Mata ne a jere cikin ankon Ista, kowacce da roba a ka, matasa maza suna can suna karɓa-karɓa a tuƙa-tuƙa. Na tsaya a ƙofa ina shinshina kowace roba, wadda ta taɓa wanki in mayar da ita a ɗauraye. Wata ta ce, "Yau Maman Rahila ta zama kwastan." Aka yi dariya, aka ci gaba. Anko ya jiƙe, ɗankwali ya zama gammo. Wa'azin Ista na shekarar yawancinsu ba su ji shi ba. Rana ta take kafin ruwan ya kai inda nake so. Na auna ɗan kulorin daidai cikinsa, na dama a bokiti, na zagaya da shi, na juya ruwan da sanda tun da ba inji. Muka jira. Na gwada, rawayar ta fito sirkakkiya, jan ya tsaya a tsakiya. Na koma baki na tsaya inda Baba Bulus ya taɓa tsayar da ni. Ga tsagar can, siririya, kamar ba ruwa a kanta.

Saura yaƙin mai. Ranar Ista ce, kowane mai karɓar baftisma ya sha shafa yana walƙiya. Na ce kowa ya zagaya baya ya wanke jiki tas kafin ya sa farin zane. Na kuma roƙi Fasto a fara da Kaka tun ruwan yana sabo, ko da yake a al'adarmu maza ake fara yi wa. Ya ce ba komai.

Duk da haka zuciyata ba ta kwanta a kan idon nan guda ba. Na shiga sito na ɗauko gilashin iyo. Na manya duk robarsu ta tsinke a shekarar, wanda ya rage mai kyau na yara ne, ruwan hoda, da kunnuwan kifi a gefe. Na wanke shi na ɗaura wa Kaka, ya zauna daidai don fuskarta ƙarama ce. Yara suka fara ƙyaƙyatawa, iyaye suna harararsu su ma suna danne tasu.

Wani dattijon ikilisiya ya matso ya ce, "Fasto, a gafarce ni. In ruwa bai taɓa idon ba, baftismar ta cika kuwa?"

Kafin Fasto ya buɗe baki Kaka ta juyo da gilashinta ta ce, "Ɗana, na hagun ya riga ni tafiya tun ba a haife ka ba, yana can yana jirana. Na daman kuma likita ya wanke shi ya isa."

Fasto ya yi dariya har ya sunkuya, ya ce, "Dattijo, Ubangiji ya san abin da ke bayan gilashi. Mu je."

Ni da Mama Saratu muka riƙe ta ta sauka matakala. Ruwan tuƙa-tuƙa da sanyi, ta ja numfashi amma ba ta ja baya ba. Ta durƙusa. Ta ɗaga kai ta kalli Fasto sosai, ta kalli hannunsa da ke kafaɗarta, kamar mai son ta haddace. Ya yi mata tambayoyi ta amsa da ƙarfi. Ya sunkuyar da ita gaba har ruwa ya rufe furfurarta, ya ɗago ta. Mata suka ɗauki guɗa, waƙa ta tashi.

Na durƙusa a baki da tawul da butar ruwa, na zare mata gilashin a hankali. Ciki a bushe. Idon fari tas, yana kallona. Mama Saratu tana kuka tana cewa, "Mama, kina gani? Kina ganina?"

Kaka ta ce, "Ina ganinki, kin ɓata kwalliyarki." Sai ta kamo zanena ta jawo ni kusa, ta rage murya kamar mai faɗin asiri. "'Yata, ban rufe ido a ciki ba. Akwai tsaga a ƙasan nan, siririya, a tsakiya. Ku gyara kafin ta yanki ƙafar wani yaro."

Na ce, "To, Kaka."

Babban kwamin sai da muka zubar da rabinsa muka wanke yashin inji kafin ya dawo hayyacinsa, kuma zumuntar mata ce ta zo ta taya ni, wannan karon da buroshi da ruwa zalla. Tayil ɗin kuwa har na bar aikin ban bari an canza shi ba. Wanda ya samu aikin sabon otal a cikinku, ya biyo ta gidana kafin ya fara. Ina da tsohuwar kwalbar gwaji, sai dai yanzu ni ma sai an ara mini ido.